A tabbatar da labari kafin a buga shi

Na gamsu da shawarar da wani gogaggen marubuci ya bai wa matasan 'yan jarida a wani rubutu da ya yi, musamman inda ya ce kada a buga labari sai an ji ta bakin ɓangarori biyu, kuma kada a cakuɗa rahoto da ra'ayi. A ganina wannan ne ciwon da ya fi damun aikin a yau, domin sau da yawa wakili yakan kwafo abin da ya gani a WhatsApp ya aika wa edita, alhali da ya taka zuwa kasuwar Dawanau ya tambayi dillalai uku farashin buhun masara, da ya dawo da labarin da manomi da magidanci za su amfana da shi.

Batun sauƙaƙa harshe da ya kawo shi ma ba sabo ba ne. Tun da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939, Abubakar Imam ya riƙa rubutu da Hausar da za a karanta a zaure, wanda bai yi boko ba ya saurara ya fahimta sarai.

Sai dai ban ji daɗin yadda marubucin ya tsallake maganar albashi ba. Wakilin da ya shafe watanni ba a biya shi ba, sannan ɗan siyasa ya miƙa masa ambulan bayan taron manema labarai, da wuya ya iya rubuta laifin mutumin nan gobe. Ina roƙon Malam ya keɓe wa masu gidajen jaridu rubutunsa na gaba.