Gwamnati ba ta sa hannu a ƙarin kuɗin DStv

Duk lokacin da aka ƙara kuɗin kallon DStv ko GOtv, sai ka ji ana cewa ai gwamnati ce ta amince. Ba haka abin yake ba. Hukumar NBC, mai kula da gidajen rediyo da talabijin, lasisin watsa shirye-shirye take bayarwa, ba ita ke yanka farashi ba. Kamfanin MultiChoice, mai DStv da GOtv, shi ne ke tsayar da kuɗinsa.

A watan Maris na 2025 kamfanin ya ɗaga kuɗin tsarin Premium daga naira 37,000 zuwa 44,500, duk da cewa hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta ce ya dakata. Da maganar ta kai Babbar Kotun Tarayya a Abuja, Mai Shari'a James Omotosho ya bayyana a watan Mayu cewa hukumar tana da ikon bincike, amma ƙayyade farashi ikon shugaban ƙasa ne, sai in ya miƙa mata shi. Wannan ne abin da ke damuna: magidanci na kai kukansa inda ba a da ikon share masa hawaye.

Kuɗin haƙƙin mallaka kuma, wato abin da kamfanin ke biya kafin ya nuna shirye-shiryen wasu, ba harajin gwamnati ba ne. Na mawaƙa ne da masu fina-finai da masu gasar ƙwallo, ana biyansu kai tsaye ko ta ƙungiyoyi irin su MCSN, mai karɓar wa mawaƙa haƙƙinsu. Na ƙwallon Turai da kuɗin waje ake saye, shi ya sa faɗuwar naira ke tafiya har aljihun mai kallo.