Fadan cocin 'yan Poland a Ingila ba hutu ya je ba

Abin na damuna in na ji ana cewa fadan, wato limamin cocin Katolika, da aka tura wa 'yan Poland a Ingila hutu kawai yake, wai daga sujadar Lahadi shikenan. Na gane dalili, ranar ce kadai ake ganinsa. Amma tun da Poland ta shiga Tarayyar Turai a 2004 mutanensu suka kwararo neman aiki, suka warwatsu garuruwa, to fada daya sai ya rika zagaya coci biyu ko uku, ga asibiti ga gidan yari ga darasin yara. Misali magini ya rasu ba dangi kusa, sau da yawa fadan ake kira cikin dare, shi zai sanar da mahaifiyar a waya da yarensu, ya taya shirin mayar da gawa gida.