Aska Ɗaya

Ni tela ne a Kasuwar Barci, nan Tudun Wadar Kaduna, kuma duk layinmu an san halina: jikina yana kan keken ɗinki, hankalina ya yi gaba. Maƙwabta suna cewa tunanin banza ne. Ƙanena da ke karatun kimiyya ne ya ba ni abin kare kai. Ya ce wani Bajamushe, Kekulé, da bakinsa ya faɗa cewa yana gyangyaɗi a gaban murhu ya ga maciji ya kama wutsiyarsa, daga nan ya gane siffar sinadarin benzin zobe ce, abin da ya wallafa a 1865. Tun ranar, duk wanda ya ce "Malam, ina ka tafi?" sai in ce bincike nake yi.

Ana saura 'yan kwanaki Sallah aka ɗauke wuta tun safe, na zuba gawayi a dutsen guga. Shaddar wani Alhaji ce, fara ƙal, irin wadda in ka ji kuɗinta sai ka wanke hannu kafin ka taɓa. Ina ɗora dutsen a ƙirjin kaftanin, sai ga ni a tashar Rigasa, na hau jirgin Abuja da akwatin ɗinki, minista ne ya aiko a kira ni. A Idu direba na jirana da mota mai sanyi. Har na fara yi wa ministan faɗa cewa tumbinsa ya ƙaru, dole a ƙaro yadi. Na ji ƙauri, na ce a raina lallai masu tsiren Abuja ba su iya aiki ba.

"Oga! Riga!" in ji yaron shagona.

Ga tambarin dutsen guga nan raɗau, ruwan ƙasa, tsininsa na kallon sama. Na yi salati, na lissafa kuɗin motar Zariya, inda kawuna yake.

Da daddare na zauna ina kallon ƙunar, hankalin ya sake tafiya, sai na ga tsinin nan ya yi kama da askar da ake yi wa babbar riga. Na ɗauko zare ruwan ƙasa na kewaye ta da surfani, na cike gefe-gefe, na ƙara 'yan ƙanana a aljihu da bakin hannu.

Jajiberin Sallah Alhaji ya zo, ya ɗaga rigar ya yi shiru.

"Malam tela, ai ban ce ka yi mini aiki ba."

"Ranka ya daɗe, kyauta ce. Sabon yayi ne."

"Me sunansa?"

Na san akwai aska biyu, akwai aska takwas. Na ce, "Aska ɗaya."

Bayan Sallah abokansa daga Unguwar Rimi suka fara kawo shadda, kowa aska ɗaya yake so. Na ɗinka musu tsaf. Ɗaya ya dawo da tasa ransa a ɓace, wai tsakiyar ta Alhaji ta fi duhu, me ya sa na yi masa rowa?

Yaron shagona ya buɗe baki zai yi bayani, na taka masa ƙafa. Yanzu kullum da safe ni nake biyan mai shayi kuɗin Indomie da ƙwai biyu, kuma jiya yaron ya ce a ƙara masa madara.