Shekara uku ana darasin Faransanci, yaro bai wuce "bonjour" ba

A ƙarshen 1996 Janar Sani Abacha ya ayyana Faransanci a matsayin harshen hukuma na biyu a Najeriya. Daga baya maganar ta shiga kundin manufofin ilimi na ƙasa, inda bugun 2004 ya wajabta koyar da shi a firamare da ƙaramar sakandare. Yaran da suka fara sakandare a zamanin Abacha yau magidanta ne, wasu 'ya'yansu ne ke zaune a kan bencin da suka tashi. Ka tara mutum goma daga cikinsu a Kano ko Sakkwato, ka ce kowa ya tambayi hanyar tasha da Faransanci. Abin da ya rage a bakin yawancinsu bai wuce bonjour da comment tu t'appelles ba.

Amsar da aka saba bayarwa ita ce babu malamai, babu littattafai. Gaskiya ne, makarantun gwamnati da yawa a Arewa ba su taɓa ganin malamin Faransanci ba, darasin yana kan jadawali ne kawai. Amma ba nan gizo ke saƙar ba. Akwai makarantun da ke da malami, mai takardar kwalejin ilimi ko digiri, wanda ya yi zaman Ƙauyen Faransanci na Badagry, cibiyar koyon harshen da aka kafa a 1991, yana shiga aji a kan lokaci, amma ɗalibansa su gama aji uku ba su iya sayen biredi da harshen ba. Wannan malamin nake son mu yi magana a kansa, domin abin da ke hana ɗalibansa magana abu ne da za a iya gyarawa ba tare da jiran kasafin kuɗin Abuja ba.

Ga yadda darasin ke gudana. Malam ya shigo, yara su miƙe su ce bonjour monsieur baki ɗaya, su zauna. Ya juya ga allo ya jera je suis, tu es, il est, har ƙasa. Ya yi bayani da Turanci cewa wannan fi'ili ne da ba ya bin ƙa'ida. Ya karanta su maimaita, sau uku. Sai ya ce a kwafa. Minti ashirin ba ka jin komai sai ƙarar alli da motsin takarda, monita na zagayawa yana rubuta sunan masu surutu. A ƙarshe a jefa tambaya ɗaya, yarinyar nan ta layin gaba da ta saba amsawa ta amsa, a buga ƙararrawa. A cikin minti arba'in babu yaro ko ɗaya da ya faɗa wa wani abin da wancan bai sani ba, da Faransanci. An koyar da bayani a kan harshe, ba a koyar da harshen ba. Tamkar yaron tela ne da aka shekara ana nuna masa sunayen sassan keken ɗinki, ba a taɓa barinsa ya taka feda ba.

Lissafin ma kaɗai ya isa ya tayar wa mutum hankali. Cibiyar da ke horar da jami'an diflomasiyyar Amurka ta ƙiyasta cewa babban mutum mai jin Turanci, a ƙaramin aji, yana buƙatar awa 600 zuwa 750 kafin ya iya aiki da Faransanci, Larabci kuwa wajen awa 2,200. Makarantar da ta ware darasi biyu na minti arba'in a mako, cikin mako 36, ta ba yaro awa 48 a shekara, wato awa 144 a shekara uku, idan ba a yi yajin aiki ba, malam bai yi rashin lafiya ba. Ba mai hankalin da zai ce wannan zai fitar da tafinta. Amma ya isa yaro ya iya gabatar da kansa, ya yi ciniki, ya tambayi hanya, ya karanta gajeren saƙo a waya. Sharaɗin shi ne kada a ɓarnatar da awannin nan a kwafe-kwafe. Ajin da ke da yara tamanin, ko da malam ya yi shiru gaba ɗaya ya bar su suna magana ɗaya bayan ɗaya, kowa rabin minti zai samu. In aka haɗa su bibbiyu, yara arba'in ne ke magana a lokaci guda, minti goma kawai ya ba kowane yaro minti biyar na buɗe baki.

Ba mu ne muka fara cin karo da wannan ba. A 1965 aka fara wani tsari a garin Saint-Lambert kusa da Montreal ta ƙasar Kanada, inda ake koyar da 'ya'yan masu jin Turanci duk darussansu da Faransanci. Bayan shekaru, wata masaniya mai suna Merrill Swain ta lura cewa yaran da ke cikin irin wannan tsari suna fahimtar harshen kusan kamar 'yan gida, amma in sun zo magana ko rubutu sai a ga giɓi. Dalilin da ta kawo a 1985 shi ne, malamai ne ke yawancin maganar, yara ba sa samun inda za a matsa musu su haɗa doguwar magana da kansu. To, yaran da ke jin Faransanci tun safe har tashi ke nan. Ina ga namu masu minti tamanin a mako, rabinsa ma da Turanci?

Makonnin farko ba sa buƙatar littafi ko ɗaya. Wani malamin jami'a a Amurka, James Asher, ya fito da wata dabara tun shekarun 1960: malami ya ba da umarni da harshen, ya aikata, yara su aikata. Levez-vous, kowa ya miƙe. Asseyez-vous, kowa ya zauna. Taɓa kai, buɗe taga, kawo alli, ba Hadiza littafinka. Yaro mai kunya ba a tilasta masa magana ba, amma jikinsa na nuna ko ya gane, malam kuma yana ganin aji duka da ido ɗaya. Kafin wata ya ƙare yaran ne ke ba juna umarni, har su ba malam.

Daga nan sai a kawo kasuwa cikin aji. Wannan ne darasin da na fi so a ga kowane malami ya gwada. A yanka kwalin sabulu ƙanana a rubuta 100, 250, 500, 1,000, su zama kuɗin sefa. Rabin aji 'yan tireda ne, kowa da jerin kayansa da farashinsa a ɓoye: shinkafa, sukari, mai, albasa, ashana. Ɗaya rabin an aike su cefane da jaka biyu, kowa da abin da aka ce ya sayo, kuma wanda ya dawo da canji mafi yawa shi ya ci. Dokar wasan ɗaya ce, duk cinikin da aka yi da Hausa ko Turanci bai faɗa ba. Cikin minti kaɗan za ka ji c'est combien daga kowane lungu, ka ji c'est trop cher da irin muryar da uwarsa ke yi wa mai nama. Lambobin Faransanci da ke ba yara wahala, irin su 80 da ake faɗa ashirin sau huɗu, a nan suke zama a kai, domin wanda bai gane ba an cuce shi a canji, kuma ɗan Bahaushe ba ya son a cuce shi a ciniki ko da na kwali ne. Irin wannan aiki ne N. S. Prabhu, wani masanin koyar da Turanci, ya gina koyarwarsa a kai a makarantun kudancin Indiya daga 1979 zuwa 1984, a shirin da aka fi sani da sunan birnin Bangalore. Yana ba yara jadawalin jirgin ƙasa ko taswira, ya ce su gano wane jirgi zai kai mutum gari kaza kafin yamma. Hankalinsu na kan warware matsalar, Turancin na shiga ta gefe.

Na san abin da shugaban makaranta zai ce: hayaniya. A wurinmu ajin da ya yi tsit shi ne ajin malamin kirki, mai duba makarantu kuma littafin rubutun yara yake buɗewa ya ƙirga shafi. Dole wannan ma'auni ya canza a darasin harshe. In tagogin sun yi kusa da wani aji, a fita gindin bishiya.

Akwai abin da ya fi hayaniya muhimmanci, shi ne tsoro. Yaron da ya miƙe ya yi kuskure aka fashe masa da dariya, ko malam ya ce da shi daƙiƙi, ya gama magana a wannan zangon. Mun gaji wannan ne daga yadda aka koya mana Turanci, inda ake cin tarar wanda ya yi Hausa a harabar makaranta, wani wurin har da bulala. Tarar ba ta sa kowa ya iya Turanci ba, shiru ta koya wa yara. Malamin da ya san aikinsa ba ya katse yaro a tsakiyar magana. Yakan riƙe kura-kurai uku ko huɗu da ya fi ji, in an gama ya rubuta su a allo ba tare da sunan kowa ba, aji ya gyara tare. A nan nahawu ke da amfani, bayan yaro ya nemi faɗin abu ya kasa, ya ji ƙishirwar ƙa'idar.

Yanzu ga maganar da na san za ta jawo musu. Da wane harshe ake yi wa yaron Gumel ko Illela bayanin Faransanci? Da Turanci, harshen da shi ma bai zauna masa ba. Yana kokawa da baƙo biyu a lokaci guda. Ina ganin inda bayani ya zama dole, a yi shi da Hausa, a taƙaice, a koma Faransanci. Hausa ma ta fi Turanci kusa da wasu abubuwan: yaron da ya tashi yana cewa riga ta yage, wando ya yage, ba zai yi mamakin jin cewa kowane suna a Faransanci namiji ne ko mace ba, abin da ke rikita ɗan Ingila. Makarantun zaure sun daɗe da sanin amfanin wannan gada. Malam ya karanta gaɓar Larabci ya fassara da Hausa, almajiri na biye, kuma da haka aka fitar da malaman da suka karanta manyan littattafai suka kuma rubuta nasu. Burinsu karatu ne da fahimtar nassi, sun kuwa cim ma burin. Wanda ke son ɗalibinsa ya yi hira da Larabci a Makka ko Alƙahira sai ya ƙara da muhawara, kamar yadda makarantun Islamiyya masu kyau ke yi. Haddar da muka gada ma ba abin yarwa ba ce. Yaran da ke iya riƙe shafuka a ka, a ba su gajeriyar hira ko waƙa su haddace, gobe su canza sunaye da farashi su mai da ita tasu. Wannan ya fi haddar jerin fi'ili nesa ba kusa ba.

Abin takaicin shi ne masu iya wannan aiki suna maƙwabtaka da mu. Daga Katsina zuwa Maraɗi bai kai tafiyar Katsina zuwa Kano ba. Tun 1973 Nijar ta buɗe makarantar gwaji a Damagaram da ke haɗa Hausa da Faransanci. Jami'o'in Maraɗi da Damagaram da Yamai na yaye matasa masu jin harsunan biyu kamar ruwa, da yawansu na neman aiki. Jihohin Katsina, Jigawa, Sakkwato da Kebbi za su iya ƙulla musayar malamai na zango ɗaya, mu aika masu Turanci, su aiko masu Faransanci. Siyasar ƙasashen biyu ta yi tsami tun juyin mulkin Yulin 2023, amma dangantakar Jibiya da Ɗan Isa ta girmi kowace gwamnati. Makarantun kuɗi ma ba sai sun jira kowa ba.

Wani zai ce, ana ta korar Faransanci a Sahel, mu kuma yanzu za mu rungume shi? Haka ne, Mali ta sauke shi daga matsayin harshen hukuma a kundin tsarin mulkinta na 2023, Burkina Faso ta bi sahu, Nijar kuma a 2025 ta ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa. Na yi murna da wannan. Amma a dukkansu Faransanci ya zauna a matsayin harshen aiki. Takardar kwastan a tashar jiragen ruwa ta Kwatano da shi ake cike ta, haka a Dawala da Njamena. Layin dogon da ake shimfiɗawa daga Kano zuwa Maraɗi zai buƙaci akawu da injiniyan da ke karanta takardun ɓangarorin biyu. Ba don Faransa yaronmu zai koya ba, don maƙwabtansa ne. Kuma duk abin da na faɗa a nan ya hau kan Larabci da Turanci da Sinancin da 'yan kasuwar Kantin Kwari ke tsinta a Guangzhou.

Malami ba zai canza ba muddin abin da ake auna shi da shi bai canza ba. Jarrabawar WAEC ta Faransanci tana da ɓangaren baka, amma kaɗan ne ke kaiwa can, yawancin yara suna ajiye darasin a aji uku, inda kusan komai a takarda ake yinsa, zaɓi A ko B. Maki na gwajin cikin zango kuwa a hannun makaranta yake. Shugaban makaranta na iya yanke cewa rabin wannan makin na Faransanci daga baki zai fito: yara biyu su zo gaban malam, su zaro 'yar takarda, ko ciniki, ko tambayar hanya, ko bayyana wa likita inda ke ciwo, su yi minti biyu. Aji mai yara tamanin zai ci darasi biyu ko uku a ƙarshen zango. Malamin da ya san haka za a gwada ɗalibansa a watan Disamba, tun Satumba zai fara yanka kwali.