Ranar da na je cin abincin manya a Legas

Wallahi har yau in na tuna sai na ji kunya ta rufe ni, amma bari in ba ku labarin da bakina tunda an riga an yaɗa shi a unguwa an ƙara masa gishiri.

Na je Legas sarin wayoyi a Computer Village da ke Ikeja, ciniki ya yi kyau har canji ya rage min a akawun, shi ne kaina ya fara hayaƙi na ce wa ɗan kawuna da na sauka a wajensa a Agege, yau fa ba zan ci shinkafar mama put ba, kai ni inda manya suke cin abinci a bakin teku. Ya ce "Yaya, Island fa ba wajen wasa ba ne." Na ce kai dai tashi mu je, kuɗi ne ke magana. Na zuba farar shadda, na kafa zanna bukar, na riƙe carbi, duk wanda ya gan ni sai ya ɗauka kwangila na zo karɓa.

Tun a gadar Third Mainland ya kamata in gane ranar ba tawa ba ce. Gadar nan kusan kilomita 12 ce a kan ruwa, gosulo ya riƙe mu har na haddace lambar danfon da ke gabanmu, ga yunwa, ga shi an hana acaɓa a wajejen can tun 2022 balle mutum ya sauka ya hau. Sai bayan isha muka shiga Victoria Island.

Wajen farko ni na zaɓa da kaina, wannan kam ba zan ɗora wa kowa ba. Ta gilas na hango wasu manya manyan tankunan silba suna ƙyalli da bututu ko ta ina, na ce wa yaron nan ka ga tsafta ko, nan yogot suke yi da kansu. Muka zauna. Weta ya zo da fara'a yana ta zuba Turanci, wai komai a nan suke dafa shi ba daga kamfani ake kawowa ba, akwai na sha'ir, akwai mai citta, akwai mai zoɓo, akwai ma wanda aka yi da dawa kuma daga Arewa ake kawo musu dawar. Ina jin dawa da citta na ce shikenan kunu ne, Allah sarki ashe Yarabawa sun waye. Har da yi masa bayanin kasuwar Dawanau da yadda ake lodin buhuna a tirela, shi kuma yana ta gyaɗa kai. Na ce kawo duka mu ɗanɗana.

Ya dawo da wani ɗan katako mai ramuka an jera ƙananan kofuna huɗu, wani ruwan zuma wani ja wani baƙi ƙirin, kowanne da kumfa a sama. Na ɗaga na dawar na kai hanci. Jama'a warin nan na san shi, irin wanda kake ji in ka ratsa wasu lungunan Sabon Gari da daddare kana sauri. Ɗan kawuna ya tambayi wetan a hankali ko akwai giya a ciki, ya ce ai kaɗan ce, kashi 5 cikin ɗari kawai. Kawai fa ya ce! Na ajiye kofin kamar na taɓa garwashi, carbina har ya faɗa ƙarƙashin tebur, na duƙa ina laluba ina salati. Ashe gidan giya ne mai injin dafa ta a ciki, tankunan da na gama yabo burkutun 'yan boko ce a cikinsu. Kuma sai da na biya kuɗin, tunda ni na ce a kawo.

Muna fitowa maigadin ƙofa ya kalle ni sama da ƙasa ya ce da Hausa tsantsa, "Alhaji an gama lafiya?" Na ce malam wallahi ban sha ba. Ya ce "Ai kowa haka yake cewa ranka ya daɗe." Na tsaya zan yi rantsuwa yaron nan ya ja hannuna.

Waje na biyu shi ya zaɓa, gidan abincin teku, kana zaune kana jin iska. Menu ya zo, wasu abubuwan ko farashi babu wai sai yadda kasuwa ta kama ranar. Ni da na san kifi tarwaɗa ce da karfasa da bandar Baga, na nuna wani babban faranti na mutum biyu. Aka kawo jatan lande da gashin bakinsu da idanuwa suna kallona, da wasu zobba kamar soyayyar albasa amma in ka tauna kamar robar silifas, ga ƙaguwa guda sukutum, aka haɗo ni da wani ƙarfe kamar filaya. Na matsa ƙafar ƙaguwar nan da ƙarfin Bakano, ɓawon ya yi tsalle ya sauka a teburin wata mata, romon kuma ya yi wa farar shaddata zane daga wuya har aljihu. Naman da na samu a ciki bai kai loma ɗaya ba. Wani ɗan kwano da aka ajiye mai ruwan ɗumi da yankan lemon tsami kuwa, sai da na kurɓa sau biyu kafin yaron nan ya ce na wanke hannu ne.

Sai bil. Abinci 48,000, VAT kashi 7.5, harajin gidajen abinci na jihar Legas kashi 5, kuɗin hidima kashi 10, jimla 58,800. Na ce wace hidima, ni fa na fasa ƙaguwar da hannuna. Na miƙa kati, POS ya ƙi, alat kuma ya shigo an cire. Aka sake, ya wuce, an cire sau biyu kenan, sai bayan kwana uku banki ya dawo min da ɗayan.

Ƙarfe sha ɗaya muna Obalende a kan bencin mai shayi, Indomie biyu da ƙwai uku da tsire, a nan na ci abincin dare na gaskiya, ɗan kawuna yana dariya har yana ƙwarewa.

Na dawo Kano da kwana biyu na shiga gaida Hajiya, ko amsawa ba ta yi sosai ba ta ce zauna. Ashe maigadin nan ƙanin matar maƙwabcinmu ne, ya gane ni tun shigata. Ta ce "Ɗan nan, kofi huɗu aka ce."