Saka Abu a Jerin Sarƙa Ba Kullum Yake da Sauri Ba

Ɗalibai masu koyon rubuta manhaja a Samaru kan ce saka sabon abu a jerin sarƙa, wato linkid lis, nan take ne. Maganar tana damuna, domin rabin gaskiya ce.

Jerin sarƙa hanya ce ta adana bayanai a kwamfuta gaɓa-gaɓa. A mafi sauƙin irinsa, ban da bayananta, kowace gaɓa adireshin ta gaba kawai take riƙe da shi, wato inda ta gaban take a ma'adanar kwamfuta. In hannunka na kan wurin, sauya adireshi 2 ya wadatar: sabuwar ta nuna ta gaba, sannan ta baya ta nuna sabuwar. Amma a ce bayan gaɓa ta 900 za ka saka? Dole kwamfuta ta faro daga kai, tana bin su ɗaya bayan ɗaya, kamar baƙo mai neman gida a lungunan birnin Zazzau, yana tambaya ƙofa-ƙofa. A nan lokacin yake tafiya.