Titin bakin teku na Kalifoniya ba na mai gaggawa ba ne

Tun da na ɗora hotunan tafiyarmu ta makon jiya mutane ke ta tambaya wai wace hanya ce wannan, to bari in amsa gaba ɗaya in huta, in kuma faɗi abin da ke raina a kanta.

Titin jihar Kalifoniya ne, lamba 1, hukumar sufurin jihar wato Caltrans ke kula da shi. Ya tashi daga Dana Point a kudu da Los Anjeles ya yi ta bin gaɓar tekun Pasifik har wani ɗan ƙauye Leggett can arewa, mil 650 da ɗoriya, sama da kilomita 1,000 ke nan, ku ce kamar Kano zuwa Legas. Mu dai ba mu kai ƙarshe ba, a San Faransisko muka juyo don yara sun fara ƙorafi madam kuma ta ce ita ta ga ruwa ya ishe ta.

Daga farkon hanyar garuruwan bakin ruwa ne a jere, Laguna Beach, Newport Beach, Huntington Beach, kana fita wannan ka shiga wancan ba ka ma san ka canza gari ba, kuma a nan titin shi ne tsakiyar gari, shaguna ne da gidajen abinci da danja kowane ɗan taƙi, ga mutane ba takalmi sun rungumo allon da suke hawa igiyar ruwa da shi suna tsallakawa. Ba ka da zaɓi sai ka tafi a hankali. Wallahi na yi tsaki ya fi a ƙirga, amma daga baya na gane su ne da gaskiya ni ne baƙo mai ɗoki.

Inda abin ya lalace shi ne Malibu. Titi ya buɗe layi biyu-biyu, direba na ji kamar yana kan babbar hanya sai ya taka, alhali ƙofofin gidajen mutane a bakin kwalta suke, masu zuwa wanka sun faka a gefe suna buɗe ƙofa suna sauke yara. A watan Oktoban 2023 wata mota ta kwashe ɗalibai mata 4 na jami'ar Pepperdine suna tsaye a gefen titi, duk suka rasu, sai bayan nan a 2024 jihar ta yi dokar da ta ba garin damar kafa kyamarorin kama masu gudu. Ni a ganina kyamara maganin ciwon kai ce kawai, asalin cutar ita ce an so titi ɗaya ya zama kasuwa kuma ya zama hanyar matafiya, an jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya ba a samu ko ɗaya ba. Mai sauri ai ga babbar hanya lamba 5 can ta cikin ƙasa, awa 6 ka isa San Faransisko, me ya kawo ka bakin ruwa?

Bayan Santa Barbara da Pismo Beach da Morro Bay sai ka shiga Big Sur, nan ne kowa ke ɗaukar hoton da kuke gani. Dutse a dama, rami a hagu teku na dukan ƙasansa, titi ɗan siriri ɗaya zuwa ɗaya dawowa. A 1937 aka gama wannan ɓangaren kuma har da fursunoni aka yi aikin, gadar Bixby da ta yi suna kuwa tun 1932 take tsaye. Abin da ya burge ni shi ne sirantar da gangan ce, dokar kare gaɓar teku ta jihar ta 1976 ta ce a yankunan karkara titin ya zauna a layi biyu, kada wani ya zo ya faɗaɗa shi. Mutanen da ke da kuɗin yin layi goma suka ce a'a. Kuma shi ya sa har yau mutane ke tahowa daga ko'ina a duniya su kashe kuɗi a Cambria da Carmel da Monterey.

Ba wai ba shi da matsala ba fa. Dutsen nan ba ya zama wuri ɗaya, a watan Mayun 2017 ƙasa ta zaftaro a Mud Creek ta binne titin, sai Yulin 2018 aka buɗe bayan an kashe wajen dala miliyan 54, a 2021 ruwa ya yanke wani wurin, 2023 da 2024 ma haka. Wani abokina ɗan nan ya ce asarar kuɗin haraji ce a bar wa teku kayanta, na ce masa to masu otal da gidan mai da ke ci da hanyar fa. Inda ba yadda za a yi kuma sun ja da baya, kamar Piedras Blancas da aka matsar da titin cikin ƙasa saboda teku na cin gaɓa, Devil's Slide kuma aka huda dutse aka yi hanyar ƙarƙashin ƙasa a 2013.

Ina tuƙi ina tuna titin Legas zuwa Kalaba da aka fara a 2024, kilomita 700, wanda tun a farkonsa aka rushe wuraren shaƙatawa na bakin ruwa don a samu faɗi. Na san nufinsa daban, manyan motoci da kaya ake hange, amma ina so wani injiniyanmu ya gaya min, idan ya ratsa garuruwan masunta na Ondo da Akwa Ibom, ta ina mai kwandon kifi za ta tsallaka?

Wanda zai bi lamba 1 kuma, ya cika tanki tun daga Morro Bay, man Big Sur tsada ne da shi kamar turare, kuma ya duba shafin Caltrans kafin ya fito kada ya je ya tarar an rufe.